WAYAR SALULA DA KWANCIYAR HANKALI

Wannan jawabi an shirya shi domin cibiyoyin yaƙi da jahilci. Malami ya karanta shi kashi-kashi. A ƙarshen kowane kashi a dakata, a ji ra'ayin jama'a.

    

Yau maganarmu a kan zuciya take, da kuma wayar salula. Wani zai ce: me ya haɗa kifi da kaska? To, ku saurara. A ƙasashe da yawa, masana sun ƙera wasu darussa, sun zuba su cikin waya. Mutum yana bin darussan shi kaɗai, a gidansa, domin ya koyi sanyaya zuciyarsa idan damuwa ta yi masa yawa. Waɗansu darussan suna da amfani, an gwada an gani. Waɗansu ba su da amfanin komi. Waɗansu ma suna cutarwa. Ya kamata mu san yadda ake ƙera mai kyau, don mu iya rarrabewa.

WACE DAMUWA MUKE NUFI?

Kowa yana ɓacin rai. Kowa yana jin tsoro. Wannan halin ɗan Adam ne. Idan damana ta yi gardama, mai gida ba ya barci. Idan yaro ya tafi ci-rani, wata uku babu labari, uwa ba ta jin daɗin fura. Bayan ƴan kwanaki, sau da yawa hankali yakan kwanta.

Amma akwai damuwar da take zama daram. Sati biyu, wata guda, wata biyar. Mutum ya daina jin daɗin abin da yake so a da. Barci ya ƙaurace masa. Abinci ya fita ransa. Ya bar zuwa kasuwa, ya bar zuwa suna da biki. Tunani ɗaya yana ta juyawa a kansa kamar jaki a kan turke. Wannan ciwo ne, kamar yadda zazzaɓi yake ciwo. Ba ragwanci ba ne, kuma ba abin kunya ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta ƙidaya. A shekarar 2019, mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da wani ciwo da ya shafi hankali ko zuciya. Wato wajen mutum miliyan 970. A wuraren da ake yaƙi abin ya fi haka: mutum 1 cikin 5.

Wannan magana ta shafe mu. Tun 2015 mutanen Difa suka ga tashin hankali da gudun hijira. A 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jahar Maraɗi, suna gudun ƴan bindiga. A damanar 2024 ambaliya ta rushe gidaje da yawa a Maraɗi da Damagaram. Ana sake gina ɗaki cikin wata guda. Zuciyar da ta firgita takan daɗe ba ta koma daidai ba.

ME YA SA AKA TUNA DA WAYA?

Dalili shi ne ƙarancin likitoci. A 2022, reshen OMS na Afirka ya ce likitan ƙwaƙwalwa 1 ne ke akwai ga mutum 500.000 a yankinmu. Kuma yawancinsu a manyan birane suke. Mutumin ƙauye sai ya biya kuɗin mota, ya bar gonarsa, ya kwana a hanya.

Waya kuwa ta riga ta shiga ƙauye. Da ita muke jin farashin hatsi da na bisashe. Da ita ɗan ci-rani yake aiko da kuɗi. Sai masana suka ce: abin da likita yake koya wa mai damuwa, wani kashi nasa darasi ne. Darasi kuwa ana iya ɗaukarsa a murya, a zana shi a hoto, a sa shi cikin waya. Irin wannan tsari da ake sa wa waya ana ce masa manhaja. WhatsApp ma manhaja ce.

ME AKE KOYARWA A CIKI?

Manhaja ba ta ba da ƙwaya, ba ta yin allura. Dabaru take koyarwa. Ga guda uku da ake yawan samu a cikin masu kyau.

Ta fari, numfashi. Idan mutum ya tsorata, zuciyarsa tana bugawa da sauri, numfashinsa yana gajarta, gumi yana keto masa. Jiki ya yi shirin gudu ke nan, ko da babu abin da ya biyo shi. Idan ka ja numfashi a hankali, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, bugun zuciya yana raguwa. Mu gwada yanzu. Ku zauna sosai. Ku ja iska ta hanci, kuna ƙirga 1, 2, 3. Ku sake ta sannu, kuna ƙirga 1 har zuwa 5. Mu yi sau biyar. Kun ji yadda kafaɗa ta sauka?

Ta biyu, dawo da hankali inda kake. Mai yawan tunani jikinsa yana nan, hankalinsa yana jiya ko gobe. Sai a ce masa: taka ƙasa da ƙafarka, ka ji ta. Duba kewaye da kai, ka faɗi abu biyar da kake gani. Saurara, ka faɗi abin da kunnenka yake ji: kukan akuya, sakan turmi, iska cikin kara. Wannan ba ya biyan bashi, ba ya cika rumbu. Amma yana ba mutum natsuwar da zai yi shawara mai kyau.

Ta uku, komawa ga ƙananan ayyuka. Baƙin ciki yana sa mutum ya shige ɗaki. Zaman ɗaki yana ƙara baƙin ciki. Haka abin yake zagayawa. Dabarar ita ce a tsinke wannan zagaye da ƙaramin aiki, ba sai an jira zuciya ta so ba. Yau ka je ka gaida maƙwabci. Gobe ka gyara dangar da ta faɗi. Ke kuma ki je wurin kitso, ko wurin adashi. Manhaja tana taimakon mutum ya zaɓi aikin, ya sa masa rana, kuma ta tuna masa. Sannu ba ta hana zuwa.

Kun ga dabarun ba su da wuya. Wuyar tana wurin ƙira: yaya za a shirya su har mutum mai nauyin zuciya ya fahimta, ya yarda, ya dawo gobe?

MAƘERI DA MANOMI

Maƙerin kirki ba ya ƙera fartanya da ka. Yana tambaya: gonarka jigawa ce ko fadama? Babba ne zai riƙe ta ko yaro? Sai ya daidaita ƙarfe da ƙota. In bai tambaya ba, fartanya za ta yi kyan gani, amma a bayan ɗaki za ta ƙare.

Haka ya faru da manhajoji masu yawa. A 2019 wasu masu bincike suka duba manhajoji 93 na kwanciyar hankali, irin waɗanda mutane suke ɗauka da kansu a intanet. Suka ga cewa bayan kwana 15, cikin mutum 100 da suka sa manhaja a wayarsu, waɗanda suke buɗe ta ba su kai 4 ba. Sauran sun watsar. Maganin da ba a sha ba kuwa ba ya warkarwa.

Bari mu ga wurare uku da aka yi aikin da kyau.

MISALI NA FARI: LABANAN

Labanan ƙaramar ƙasa ce ta Larabawa, maƙwabciyar Siriya. Yaƙin Siriya da ya fara a 2011 ya koro mutane da yawa zuwa cikinta. OMS da ma'aikatar lafiya ta Labanan suka haɗu suka ƙera wata manhaja mai suna Step-by-Step, ma'ana taki bayan taki.

Ga yadda aka gina ta. Darasi 5 ne. Ba lacca ake yi wa mutum ba. Labari ake ba shi, da hotuna: labarin wani da damuwa ta kama, ya je wurin likita, ya koyi dabaru, ya samu sauƙi. Mai waya yana bin labarin, yana gwada dabarun a rayuwarsa.

Kafin a gama ƙirar, an kai ta gaban jama'a. An nuna musu hotuna da kalmomi, an ji abin da suka ce, an gyara. Mai amfani da ita yana zaɓen wanda zai bi labarinsa: namiji mai gemu ko marar gemu, mace mai lulluɓi ko marar lulluɓi. Kowa ya ga mai kama da shi. An kuma sa murya, don wanda karatu yake yi wa wuya ya saurara.

Sannan ga babban abu. Ba a bar mutum shi da waya kaɗai ba. Kowane sati wani mataimaki yana kiransa ko ya aiko masa saƙo, kamar minti 15. Mataimakin ba likita ba ne. Horo aka yi masa, kuma akwai masani da ke duba aikinsa. Yana tambaya: ka yi darasin? Ina ka samu cikas?

An gwada ta da ƴan Siriya 569 da ke zaune a Labanan. Aka raba su biyu, rabi suka bi manhajar, rabi aka ba su bayani kawai. Sakamakon ya fito a 2022. Waɗanda suka bi manhajar sun fi samun sauƙin damuwa, sun kuma fi iya ayyukansu na yau da kullum. Amma duk da mataimaki, kusan rabin mutanen ba su tsaya har ƙarshen gwajin ba. Wannan ya nuna mana girman aikin.

MISALI NA BIYU: YUGANDA

A arewacin Yuganda akwai matan Sudan ta Kudu da suka gudo daga yaƙi. Da yawansu ba su yi karatu ba, ba su da babbar waya. Sai aka yi amfani da wani tsarin OMS mai suna Self-Help Plus. Darussan a murya aka ɗauke su, cikin Larabcin Juba, harshen da matan suke ji. Mata 20 zuwa 30 suna taruwa. Ana kunna muryar, suna saurare, suna gwadawa tare. Zama 5 ne, kowane awa 2. Akwai ɗan littafi mai hotuna da yawa da rubutu kaɗan. Masu jagorar zaman mutanen wurin ne da aka yi wa gajeren horo.

Abu biyar ake koyarwa. Dawo da hankali inda kake. Gane mugun tunani idan ya kama ka kamar ƙugiya, ka kira shi da sunansa. Yin aiki da halin da kake ganin darajarsa, kamar riƙon amana ko kula da iyali. Kyautata wa kanka da wasu. Sai barin ɓacin rai ya zo ya wuce, maimakon kokawa da shi dare da rana.

Mata 694 daga ƙauyuka 14 suka shiga gwajin, sakamakon ya fito a 2020. Waɗanda suka bi darussan damuwarsu ta ragu sosai. Bayan wata 3 amfanin yana nan, ko da yake ya ragu. An sake gwada tsarin a Turkiyya da ƴan gudun hijirar Siriya 642, masu damuwa amma ciwo bai riga ya kama su ba. Bayan wata 6, cikin 100 da suka bi darussan, 22 ne ciwo ya kama. Cikin 100 da ba su bi ba, 41. Rigakafi ya fi magani.

Dattawan da ke nan za su ce: ai mun san wannan hanya. Gaskiyarku. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a Nijar. Jama'a suna taruwa, a saurari shiri, a tattauna, jagora ya ɗauki ra'ayinsu a aika gidan rediyo. Saurare tare da tattaunawa tsohuwar dabara ce a wurinmu.

MISALI NA UKU: ZIMBABUWE

A birnin Harare, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya fara wani aiki a 2006. Ya horar da tsofaffin mata, kakanni. Suna zama a kan benci a harabar gidan likita. Mai damuwa ya zo ya zauna, kaka ta saurare shi, su zaɓi matsala ɗaya, su nemi hanyar warware ta. An gwada wannan da mutum 573, sakamakon ya fito a 2016. Bayan wata 6, cikin 100 da suka zauna da kakanni, wajen 14 ne suka rage da alamun ciwon damuwa. Cikin 100 da ba su zauna ba, wajen 50.

Wannan aiki da benci ya fara, ba da waya ba. Na kawo shi ne saboda darasin harshe. Kakannin ba sa amfani da sunan ciwo na Turai. Da harshen Shona suna cewa kufungisisa, wato yawan tunani. Mutum yana jin wannan kalma ya ce: ni ke nan. Da an ce masa mai taɓin hankali, da ya tashi ya tafi. Duk mai ƙera manhaja ya kamata ya koyi wannan.

SHARUƊƊA BAKWAI NA ƘIRA MAI KYAU

Daga waɗannan misalai muna iya fitar da sharuɗɗa. Ku riƙe su.

1. A fara da tambayar jama'a. Da ɗan gari akan ci gari. Masu ƙira su zauna da mata daban, maza daban, samari daban. Su ji yadda muke faɗin ciwonmu: raina ya ɓaci, zuciyata ta yi nauyi, gabana yana faɗuwa, tunani ya yi mini yawa. Da waɗannan kalmomi za a gina darasi. Fassara daga Faransanci kalma da kalma ba ta isa ba. Hoton ma a duba shi. Wanda aka nuna wa mutum yana hutawa a bakin teku, alhali shi bai taɓa ganin teku ba, zai ce ba da shi ake ba.

2. Murya ta zo gaba da rubutu. Mai sabon karatu yana gajiya da dogon rubutu, balle ma zuciyarsa tana da nauyi. A sa murya mai natsuwa, ta mace da ta namiji, mutum ya zaɓa. Rubutun ya zama gajere, da manyan baƙaƙe.

3. A yi la'akari da wayar da ke hannun mutane. Ba kowa ke da waya mai shafawa ba. Rezo yana zuwa yana tafiya. Caji kuɗi ne, intanet kuɗi ne. Darasi mai kyau shi ne wanda za a saurara ko babu rezo, ko a same shi ta kiran waya, ko a katin memori. Ƙaramar waya ma tana koyarwa. A 2009 da 2010 an yi wani gwaji mai suna ABC a cibiyoyin karatun manya na ƙauyuka sama da 100 a jahohin Doso da Damagaram. A rabin ƙauyukan an koya wa ɗalibai aiki da ƙaramar salula. Waɗannan ɗalibai sun fi sauran ci gaba a rubutu da lissafi.

4. Darasi ya zama gajere, a kuma san ranar gamawa. Macen da ke daka, ɗiban ruwa da reno ba ta da awa guda ta zama. Minti kaɗan take da shi. Manhajar kirki tana koya maka dabara har ta zauna a kanka, sannan ta sallame ka. Wadda take son ka manne mata kullum, tana ta aiko maka da ƙararrawa, ribar mai ita take nema.

5. A sa mutum a bayan na'ura. A 2021 masana suka haɗa gwaje-gwaje kusan 40 na irin waɗannan darussa. Suka ga cewa mai ƙaramar damuwa yana iya amfana ko shi kaɗai. Amma wanda damuwarsa ta yi nauyi ya fi samun sauƙi idan akwai mai bibiyarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙauye, wannan mataimaki yana iya zama ma'aikacin lafiya, ungozoma ko malamin cibiya, in an ba shi horo kuma yana da riƙon sirri.

6. A tsare sirri. A gidaje da yawa waya ɗaya ce: ta mai gida ce, uwargida tana ara, yara suna wasa da ita. Ana kuma barin ta wurin mai caji. To, idan mace ta faɗa wa manhaja abin da ke ranta, wa zai gani? Dole a sa lambar sirri. Kada saƙo ya fito a fuskar waya yana tona asiri. Akwai kuma ɓarawon da ba a gani. A 2023, hukumar kare masu saye ta Amurka ta zargi wani kamfani mai suna BetterHelp da miƙa bayanan masu neman taimako ga Facebook da wasu kamfanoni domin talla, bayan ya yi alkawarin ɓoye su. Kamfanin ya yarda ya biya dalar Amurka miliyan 7 da dubu 800. A Nijar, tun 2017 aka yi dokar kare bayanan mutane. Kuna da haƙƙin tambaya: ina maganata za ta je?

7. Manhaja ta san iyakarta. Wannan shi ne mafi girma. Yanzu akwai na'urori masu hira. Ka rubuta musu, su ba ka amsa kamar mutum. Bakinsu yana da daɗi, amma ba su ganin fuskarka, kuma suna yin kuskure. Wata ƙungiya a Amurka ta sa irin wannan na'ura mai suna Tessa domin masu wani ciwo da ke sa mutum ya ƙi abinci don tsoron ƙiba, har ya rame ya galabaita. Sai aka ga na'urar tana ba su shawarar rage abinci. Dole aka dakatar da ita a 2023. Manhajar kirki tana tambaya tun farko ko mutum yana cikin haɗari. In haka ne, ta ce masa a fili: wannan ya fi ƙarfina, ga inda za ka je.

YAUSHE ZA A AJIYE WAYA A TAFI GIDAN LIKITA?

Ku saurara da kyau, domin nan rai ne a ciki.

Idan mutum yana cewa gara ya mutu, ko yana shirin kashe kansa.

Idan yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko yana ganin abin da babu.

Idan ya daina ci da sha, ko ya yi kwanaki ba barci yana ta surutu.

Idan mai jego ta kasa kula da jaririnta, tana kuka kullum, ko tana tsoron za ta cutar da shi.

Idan ƙwaya, kamar taramol, ta kama yaro har ba ya iya bari.

A irin wannan hali kada a bar mutum shi kaɗai. A zauna da shi, a saurare shi, ba faɗa, ba gori. Tambayar mutum ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin. Sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. A kawar da maganin ƙwari na gona, a kulle shi nesa, domin OMS ta nuna cewa wajen kashi 1 cikin 5 na masu kashe kansu a duniya da shi suke yi. A kai shi gidan likita mafi kusa, su za su san inda za su tura shi. A babban gidan likita na Yamai da na Damagaram akwai sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. Kada a ɗaure shi da mari. Ciwo ne, kuma ana samun sauƙinsa.

Haka kuma, idan dukan miji ne ya kawo damuwar, ko yunwa, ko zalunci, numfashi kaɗai ba zai gyara ba. Dabarun da muka koya suna ba mutum ƙarfin tsayawa. Matsalar kanta sai dangi, shugabanni da hukuma sun sa hannu.

IDAN AN ZO MUKU DA IRIN WANNAN ABU

Wata rana wani zai iya zuwa garinku da manhaja, ko ɗanku ya sa muku ita a waya. Kada ku karɓa don an ce daga waje ta zo. Kada kuma ku ƙi don baƙuwa ce. Ku yi tambaya biyar:

Wa ya ƙera ta, kuma ma'aikatan lafiya sun san da ita?

An gwada ta da mutane irinmu? Me aka gani?

Nawa za ta ci mini, a kuɗi da caji?

Wa zai ji abin da na faɗa mata?

Idan ciwona ya yi tsanani, wurin wa za ta tura ni?

Mai gaskiya zai amsa ba tare da fushi ba. Wanda ya ce manhajarsa tana warkar da kowane ciwo cikin kwana uku, ku riƙe kuɗinku.

Idan kuma masu ƙira suka nemi shawararku, ku ba su. Kada kunya ta sa ku ce komi ya yi kyau. In kalma ta yi nauyi, ku faɗa. In hoto bai dace da mutuncinku ba, ku faɗa. In darasi ya yi tsawo, ku faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gyaran da kuka yi yau zai amfani wanda ba ku sani ba a wani gari.

Iyayena da ƴan'uwana, ga aikin gida. Daga yau har sati mai zuwa, kowa ya gwada numfashin nan sau biyu a rana, da safe da kuma kafin barci. Ku koya wa mutum ɗaya a gidanku. Kuma kowa ya tuna da wani a unguwarsu wanda aka daina gani a taro. Ku je ku gaishe shi, ku ɗan zauna. Wannan ba ya bukatar rezo.

 Allah ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali. A sauka gida lafiya.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Da waɗanne kalmomi ake faɗin damuwa a garinku? Ku rubuta biyar a allo.

2. A gidanku, mutum nawa ne ke amfani da waya ɗaya? Yaya za a tsare sirrin kowa?

3. Wa kuke gani ya dace ya zama mataimaki a garinku? Wane hali ya kamata ya kasance da shi?

4. Cikin mutum 100, 41 ciwo ya kama a kashi ɗaya, 22 a ɗaya kashin. Nawa ne bambancin?

5. Ku faɗi alamu uku da ke nuna lokacin zuwa gidan likita ya yi.